Bill Masterton: Injiniyan Da Raunin Filin Ƙanƙara Ya Kashe

'Yan uwa ɗalibai, ba kowa ne a cikinmu ya san wasan hoki na ƙanƙara ba. A Kanada da arewacin Amurka kuwa, matsayinsa kamar na ƙwallon ƙafa ne a wurinmu. 'Yan wasa na gudu a kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe, suna bugun ɗan faifan roba da sanda, kuma bangaza tana cikin wasan.

An haifi Bill Masterton a birnin Winnipeg na Kanada ranar 13 ga Agusta, 1938. Ya yi karatu a Jami'ar Denver ta Amurka, inda ya haɗa boko da wasa. Ƙungiyar jami'arsu ta ci gasar jami'o'in ƙasar a 1960 da 1961, shi kuma ya fito da digirin injiniya. Ya ɗan taɓa wasan ƙwararru, amma da ya ga babu gurbi a babbar gasar NHL, sai ya ajiye sanda, ya ƙaro digiri na biyu, ya kama aiki a kamfanin Honeywell.

A 1967 aka faɗaɗa NHL daga ƙungiyoyi 6 zuwa 12. Sabuwar ƙungiyar Minnesota North Stars ta ɗauke shi, kuma shi ya ci mata ƙwallonta ta farko a tarihi.

Ranar 13 ga Janairu, 1968, suna karawa da Oakland Seals, 'yan wasa biyu suka bangaje shi. Ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta daki ƙanƙara. Ba hular kwano a kansa, don a lokacin ana yi wa mai sa ta kallon matsoraci. Bai sake farfaɗowa ba. Ya rasu ranar 15 ga Janairu, yana da shekara 29. Har yau shi kaɗai ne ɗan wasan NHL da raunin da ya samu a cikin fili ya kashe kai tsaye.

Abin da ya fi tayar da hankali, waɗanda suka san shi sun ce kafin ranar ya riga ya bugu a kai, yana ta fama da ciwon kai, amma ya ci gaba da wasa. Ƙwaƙwalwar da ba ta warke daga bugun farko ba, bugu na biyu kan sa ta kumbura nan take.

Sai a 1979 NHL ta wajabta hular kwano ga sababbin 'yan wasa, shekara 11 bayan rasuwarsa. Duk shekara kuma ana ba da kofi mai sunansa ga ɗan wasan da ya nuna juriya.

To, masu buga gasar sashe-sashe a nan makaranta, in aka yi karo da kai, jiri ko amai ya biyo baya, a fita fili a nufi kilinik. Kada ihun 'yan kallo ya mayar da kowa ciki.