Leonhard Euler, Ɗan Fasto Da Ya Yi Lissafi Cikin Makanta

An haifi Leonhard Euler, wanda ake faɗin sunansa Oila, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan ran 15 ga Afrilu, 1707. Mahaifinsa fasto ne, burinsa kuwa yaron ya gāje shi a aikin ikilisiya. Amma malaminsa Yohanna Banuli ya ga baiwar lissafi da Allah ya ba yaron, ya roƙi uban ya bar shi ya bi ta. A 1727 Oila ya tafi aiki Rasha, a 1741 ya koma Balin ta Jamus.

A 1744 ya buga littafi a kan wata tambaya: in abu ya tashi daga nan zuwa can, me ya sa yake bin hanya guda, alhali hanyoyi suna da yawa? Ku dubi mai jaki a ƙasar Ɗambatta da zai kai taki gona. Ba ya ratsa rairayi don wai nan ne miƙe, yakan zaɓi inda wahala ta fi sauƙi. Oila ya nuna cewa dutsen da aka jefa ma haka yake. In aka riɓanya nauyinsa da saurinsa da tsawon kowane ɗan taki, aka tara duka, hanyar da ya bi ita ce mai ƙaramar jimla cikin makusantanta. Shi da abokin aikinsa Mofatuwi, Bafaranshe, sun ɗauki wannan a matsayin shaidar hikimar Mahalicci.

Tun wajen 1738 idonsa na dama ya mutu. Bayan ya koma Rasha a 1766 na hagu ma ya soma dushewa. A 1771 gobara ta cinye gidansa, da ƙyar aka fito da shi, a shekarar kuma ganinsa ya kusan ƙarewa ɗungum. Cikin 'ya'yansa 13, biyar kaɗai suka girma. Matarsa Katarina ta rasu a 1773. Duk da haka bai ajiye aiki ba. Yana lissafi da ka, yana faɗa, 'ya'yansa da almajiransa suna rubutawa. Kusan rabin ayyukansa ya yi su ne bayan komawarsa Rasha. Al'adarsa ce kuwa ya tara iyalinsa da yamma don addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki.

Ya rasu ran 18 ga Satumba, 1783. A 1948 wani Ba'amurke, Richad Fainman, ya kai ƙa'idar nan cikin duniyar ƙwayar zarra. Ya nuna cewa ƙwayar lantarki tana lissafa dukan hanyoyi lokaci guda. Ga manyan abubuwa kuwa, sauran hanyoyin sukan kashe juna, sai wadda Oila ya nuna ta rage.

Iyaye, in kun ga yaro da kan lissafi, kada ku cire shi daga makaranta saboda aikin gona. Wannan ma baiwa ce daga Ubangiji.