Ernest Miles da Fiɗar Sankarar Dubura

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a gabatar wa mai karatu taƙaitaccen tarihin wani likitan fiɗa Bature, William Ernest Miles, wanda har yau ake kiran wata irin fiɗa da sunansa a asibitocin duniya.

An haifi Miles a Ingila a shekarar 1869, amma ya yi ƙuruciyarsa a tsibirin Tirinidad, inda mahaifinsa yake shugaban makaranta. Ya koyi likitanci a asibitin St Bartholomew da ke Landan, ya gama a 1891. Daga nan ya yi aiki a asibitin St Mark, wanda aka keɓe don cututtukan dubura, ya zauna a hannun David Goodsall, har suka haɗu suka wallafa littafi a kan waɗannan cututtuka a 1900. A 1899 aka ɗauke shi a Asibitin Sankara na Landan, watau wanda yanzu ake kira Royal Marsden.

A wancan zamani, in sankara ta kama ƙarshen babban hanji, likitoci ta ƙasa suke shiga, su yanke abin da hannunsu ya kai. Miles ma haka ya yi wa mutum 57. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne, bai sallami majinyata ya manta da su ba. Ya bi sawunsu, sai ya ga cutar ta komo wa 54 daga cikinsu. Wani likitan da sai ya ɗora laifin a kan mugunyar cutar, ya ci gaba da abin da ya saba. Shi kuwa sai ya dinga binciken gawawwakin waɗanda suka rasu, don ya ga ta ina sankarar take bi. Ya gano tana yaɗuwa ta hanyoyin kaluluwa, ta yi ƙasa, ta yi gefe, ta kuma yi sama zuwa cikin ciki, inda wuƙar mai fiɗa ta ƙasa ba ta taɓa isa.

Saboda haka ya tsara wata sabuwar hanya. A fara buɗe ciki, a kwashe ƙarshen hanji tare da kaluluwar da ke samansa, a ɓullo da bakin hanji ta fatar ciki don bayan gida ya riƙa fita ta nan har ƙarshen rayuwa, sa'an nan a juyo ta ƙasa a cire dubura gaba ɗaya. Ba shi ne farkon wanda ya haɗa hanyoyin biyu ba, domin Czerny ya taɓa yi a Jamus tun ƙarni na 19. Sai dai Miles ne ya kafa wa aikin hujja daga yadda cutar take tafiya a jiki.

A 1908 ya buga bayaninsa a mujallar Lancet. Mutum 12 ya yi wa fiɗar, biyar suka mutu. Wannan adadi ya tsorata takwarorinsa, kuma ba za a zarge su ba, tun da a lokacin babu ƙarin jini irin na yau, babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Likitoci da yawa suka tsaya a kan tsohuwar hanya shekara da shekaru, har mace-mace suka ragu, fiɗar tasa ta karɓu. Ya tattara iliminsa cikin littafi a kan sankarar dubura a 1926, da wani a kan fiɗar dubura a 1939. Ya rasu a 1947.

Ba duk ra'ayinsa ne ya ɗore ba. Cuthbert Dukes, masanin cututtuka a St Mark, ya nuna ba kasafai sankarar take gangarawa ƙasa ba. A 1948 Claude Dixon na asibitin Mayo a Amurka ya tabbatar cewa in ciwon yana can sama, ana iya yanke shi a sake haɗa hanji, mutum ya tsira da duburarsa. A 1982 kuma Bill Heald ya bayyana yadda za a cire hanjin da kitsen da ke kewaye da shi a dunƙule, wanda a ganina ci gaba ne a kan tunanin Miles, na bin cuta ta hanyar da take yaɗuwa. Yanzu fiɗar Miles ta rage ga waɗanda ciwonsu ya matso bakin dubura ƙwarai, ko ya ci naman da ke riƙe bayan gida.