Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Gwanin Sanya wa Baƙon Labari Rigar Hausa

A Bulumkutu na tashi, kuma ba Hausa ake yi a gidanmu ba. Magana Jari Ce ne ya fara sa mini ƙaunar wannan harshe. Sai da na shigo jami'a na gane cewa da yawa daga labaran littafin baƙi ne. Wannan ya sa na ga ya dace mu waiwayi rayuwar marubucinsa.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Asalin kakanninsa daga ƙasar Borno ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. Ganin hazaƙarsa ya sa aka kira shi Zariya a 1936 don ya rubuta littattafan karatu na makarantu. Nan aka tara masa littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Alfu Laila da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus. Daga cikinsu ya tsamo kayan da ya gina Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku.

To, sata ce wannan ko fasaha? Mu ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A wajen Grimm, wata kuku ce ta cinye kajin da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, ta kuma haɗa su rigima don ta tsira. Imam ya mai da su miji da mata, ya zaunar da su a gidan Bahaushe, har mai karatu ba ya jin ƙanshin Jamus ko kaɗan. Shi kansa akun da ke ba da labarai yana da asali a adabin Indiya.

A yau masu gajerun finafinai a Turai da Amurka suna juya tsofaffin tatsuniyoyi, wasu har su mai da masoyan jinsi ɗaya, ana ta muhawara a kai. Imam ma ya sauya dangantakar taurarin labari, amma ma'auninsa shi ne al'ada da tarbiyyar masu karatunsa. Duk mai juya labari, jama'ar da yake yi wa magana ce ke nuna masa abin da zai sauya.

A 1939 ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya ziyarci Ingila a 1943, tafiyar da ta haifar da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a Zariya a 1981.

'Yan'uwana ɗalibai, aro ba laifi ba ne, in dai an san yadda za a ɗinka rigar ta dace da mai sawa. Allah ya jiƙan Malam, amin.