Charles Pedersen: Masanin da ya ɗora wa ƙarfe kambi

An haifi Charles Pedersen ne a ranar 3 ga watan Oktoba na shekarar 1904 a birnin Busan na ƙasar Koriya. Mahaifinsa ɗan Norway ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Japan.

Ya yi karatun yarinta a Japan, sannan ya wuce Amurka inda ya samu digiri a Jami'ar Dayton, da digiri na biyu a cibiyar MIT. Bai nemi digirin digirgir ba, domin ba ya son ci gaba da dogaro da aljihun mahaifinsa.

A 1927 ya kama aiki da kamfanin DuPont, inda ya shafe shekara 42. Cikin ayyukansa na farko har da neman hanyar hana ɓurɓushin jan ƙarfe lalata man fetur.

A farkon shekarun 1960, yana haɗa wani sinadari da kayan da ba a gama tace su ba, sai ya ga wasu fararen ƙwayoyi masu ƙyalli, sirara kamar zare, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya haɗa ba. Da wani ne, da ya wanke kwalbar ya zubar.

Pedersen ya tsaya ya bincika. Ya lura cewa ƙwayoyin ba sa narkewa sosai a barasar metanol, amma da zarar an sa gishirin sodiyam sai su narke.

Ashe sinadarin zobe ne na ƙwayoyin zarra 18, shida daga ciki na oksijin. Ƙwayar ƙarfe mai ɗauke da cajin lantarki takan shige ramin zoben, oksijin ɗin su riƙe ta ta kowane gefe. Ya kira irin waɗannan zobba da sunan kambi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne zoben yana da zaɓi: ƙaramin rami ya fi dacewa da litiyam, matsakaici da sodiyam, wanda ya ɗara shi kuma da fotasiyam. Ta haka ake iya tsamo wani ƙarfe daga cikin wasu, har a sharar nukiliya.

Ya wallafa sakamakon a 1967, ya yi ritaya bayan shekara biyu.

Sai a 1987, yana da shekara 83 kuma cutar daji ta raunana shi, aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Donald Cram da Jean-Marie Lehn, waɗanda suka ɗora a kan aikinsa.

Ya mutu a garin Salem na jihar New Jersey ranar 26 ga watan Oktoba, 1989.