Alhaji Abubakar Imam, malamin da ya sa aku ba yara labari

Jama'a masu saurarenmu a Garhanga da kewaye, da ƴan uwa na ci-rani, yau mun waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Abubakar Imam, mai littafin Magana Jari Ce.

An haife shi a Kagara, cikin Najeriya, a 1911. Ya yi karatun allo, ya shiga kwalejin horon malamai ta Katsina, sannan ya zama malamin makaranta a garin. A 1933 ofishin fassara na Zariya, ƙarƙashin wani Bature, Rupert East, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja. Aka buga shi, aka buga kuma Gandoki na yayansa, Bello Kagara.

Ganin basirarsa, a 1936 aka kira shi Zariya ya rubuta wa ƴan makaranta littafin karatu. Nan ya yi Magana Jari Ce, littafi uku. A na farko, aku ne ke tsare yarima Musa da labari bayan labari, don kar ya fita fada ya faɗa hannun maƙiya.

To, ga abin lura. Da yawa daga labaran ba shi ya ƙirƙire su ba. Ya karanta na Larabawa, irin su Dare Dubu da Ɗaya, da na Indiya da na Turai, ya sake musu suna da gari da sutura, ya zuba musu karin magana da ban dariya, har yaro ya ɗauka a ƙauyensu abin ya faru.

A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981.

Samari da ƴan mata masu son rubutu, ai kun ga hanya. Ku karanta duk abin da ya zo hannunku. Ku zauna wajen kaka ku ɗauki gatanarta a waya tun tana raye, ku rubuta ta da Hausarmu ta Adar. In kun gama, ku karanta wa ƙannenku. Inda hankalinsu ya tafi, nan ke son gyara. Ku kuma na Abijan da Libiya, in kun samu littafin, ku aiko wa yara gida.

Allah ya jiƙan Malam Imam, ya sa ya huta.