Taƙaitaccen Tarihin Albert Bernhard Frank, Masanin Saiwa da Funfuna (1839–1900)

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma irin tamu ta Dutsi da kewayen Daura ya san funfuna, amma da sharri ya san ta. Ita ce ke ɓata tuwon da ya kwana biyu, ita ke kama gyaɗar da aka adana ba ta gama bushewa ba, kuma danginta ne burtuntuna da ke mai da zangarniyar dawa baƙin gari. Saboda haka in aka ce wa manomi akwai wata funfuna a cikin ƙasa wadda geronsa ke nema ruwa a jallo, ba abin mamaki ba ne ya yi dariya. Masana ma sun yi irin wannan dariyar a lokacin da wani Bajamushe mai suna Albert Bernhard Frank ya faɗi haka game da itatuwan ƙasarsu a shekarar 1885. Manufar wannan ɗan bayani ita ce a kawo tarihin wannan mutum, da abin da ya gano, da kuma inda ya kuskure.

Kafin mu shiga ciki ya kamata mai karatu ya lura cewa mun faɗaɗa ma'anar kalmar funfuna. A nan tana nufin dukkan dangin halittun nan da ba su da koren ganye, waɗanda jikinsu silili ne kamar saƙar gizo-gizo, tun daga funfunar tuwo har zuwa naman kaza da laimar kwaɗi. Abin da muke gani ya ɓullo a juji da damina tamkar 'ya'ya ne kawai, ainihin jikin yana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Frank ran 17 ga Janairu, 1839, a birnin Diresdin na ƙasar Jamus. Ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Laifzig, kuma a 1865 aka ba shi aikin kula da ɗakin ajiyar busassun tsirrai na jami'ar. Daga nan ya zama malami, ya sami muƙamin mataimakin farfesa a 1878, sa'an nan a 1881 aka kira shi Barlin domin ya riƙe kujerar farfesan ilmin rayuwar tsirrai a Babbar Makarantar Aikin Gona.

Tun yana Laifzig aka san shi da abu biyu, watau ƙurilla da kuma iya raɗa wa abu suna. A 1868 ya yi rubutu a kan dalilin da ya sa saiwa kullum ƙasa take nufa, tsiro kuma sama, ko da an shuka iri a kife, kuma sunan da ya ba wannan ɗabi'a shi ake amfani da shi har yau. Amma aikin da ya share masa fage shi ne wanda ya yi a kan ɓawon nan mai launin toka ko ruwan ɗorawa da ke manne wa duwatsu da kututturan itatuwa. Wani masani ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, ya riga ya nuna cewa wannan ɓawo halittu biyu ne a haɗe, funfuna da gansakuka. Abin da ya dami Frank shi ne masana ba su da kalmar da za su kira irin wannan zama sai ta ci-ma-zaune, irin zaman kauci a kan itace. A 1877 ya kawo wata kalma ta Girkanci mai nufin zaman tare, wadda ba ta yanke hukunci a kan wanda ke cutar wani ba. Anton de Bary ne ya yayata ta a wani jawabi da aka buga a 1879, har mutane da yawa suke zaton shi ya ƙago ta. Mu kam Hausa ta hutar da mu, domin kyakkyawan irin wannan zama shi ne muke kira cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

Aikin da Aka Sa Shi da Abin da Ya Samo

A ƙasashen Turai akwai wani irin naman kaza mai ƙamshi da ke girma a binne kusa da gindin itatuwa, wanda a Faransa da Italiya ake sa karnuka ko aladu su sansano shi, kuma tsadarsa ta sa sai masu hali ke cin sa. Larabawa na kiran danginsa na hamada kam'a. Ministan aikin gona da gandun daji na Furushiya, wadda ita ce babbar masarauta a Jamus ta wancan zamani, ya ɗora wa Frank aikin binciken yadda za a noma shi a ƙasarsu. Frank bai gano hanyar noman ba. Sai dai da ya shiga tona a wuraren da abin ke fitowa, yana wanke saiwoyi yana duba su da madubi mai ƙara girman abu, sai ya ga wani al'amari da ya fi abin da aka aike shi nema.

Ya tarar ƙananan saiwoyin manyan itatuwan dajin Turai, irin su ok da danginsa, duk a lulluɓe suke da wata riga ta sililin funfuna, har ba inda fatar saiwar ke taɓa ƙasa. Gashin nan da saiwa ke tsotsar ruwa da shi babu shi, saiwoyin kuma sun zama gajeru masu rassa. Ya duba ƙananan itatuwa da tsofaffi, ya duba na wurare dabam-dabam, abin bai sāke ba, ga shi kuma itatuwan lafiya lau. Hankalin da ya yi mai sauƙi ne. In duk itacen da aka tona yana da wannan abu, kuma ba wanda ya nuna alamar ciwo, to ba cuta ba ce. In kuma saiwa ba ta taɓa ƙasa sai ta cikin rigar, to lalle ruwa da abincin da itacen ke samu ta hannun funfunar suke bi. Ya kamanta ta da mace mai shayar da ɗan da ba ita ta haifa ba. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, funfuna da saiwa, ya kira abin maikoriza, ya buga bayaninsa a mujallar Ƙungiyar Masana Tsirrai ta Jamus a 1885, yana da shekara 46. A wannan birni na Barlin kuma a farkon wannan shekara ne Turawa suka kammala taron da suka tsara rabon Afirka, abin da ɗalibanmu suka fi sanin shekarar da shi.

Adalci ne a faɗi cewa ba shi ya fara ganin wannan riga ba. Theodor Hartig ya zana ta tun 1840, Franciszek Kamieński ɗan Folan ya yi bayani a kan wani tsiro marar koren ganye da ke dogara da funfuna, Giuseppe Gibelli kuma ya gan ta a Italiya. Abin da Frank ya fi su da shi shi ne ya ce wannan ba baƙon abu ba ne da ake cin karo da shi jifa-jifa, ƙa'ida ce ta rayuwar itatuwa. A 1887 ya ƙara da cewa iri biyu ce, akwai wadda ke yi wa saiwa riga daga waje, akwai kuma wadda ke kutsawa har cikin ƙwayoyin naman saiwar ba tare da ido ya ga wani canji ba.

Gardamar Masana

Maganar ba ta karɓu nan da nan ba. Wanda ya fi tsananta suka shi ne Robert Hartig, ɗan Theodor, wanda a lokacin ba a da kamarsa a sanin cututtukan itatuwa. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana ganin yadda funfuna ke ruɓar da katako tana kashe gandun daji, don haka a ganinsa wannan ma ci-ma-zaune ce, illa dai ɓarnarta ba ta da yawa. Frank ya amsa da gwaji. Ya ɗebo ƙasar daji ya raba biyu, ya turara kashi ɗaya da zafi har duk mai rai da ke ciki ya mutu, ya bar ɗayan yadda yake, ya shuka iri a kowanne. Tsiron da ke cikin ƙasar da ba a taɓa ba ya yi riga ya yi kyau, na cikin turarriyar ƙasa kuwa ya tsumbure. Masu suka suka ce ai zafi ba funfuna kaɗai yake kashewa ba, yana sāke ƙasar kanta, kuma a nan suna da gaskiya. A ganinmu Frank ya hango daidai, amma kayan aikin zamaninsa ba su isa su ba shi hujjar da za ta rufe bakin kowa ba.

Akwai kuma inda ƙurillar tasa ta gaza. Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwarsu. A 1879 Frank ya ɗauka funfuna ce ke cikinsu. Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth ne suka nuna, daga 1886 zuwa 1888, cewa ta waɗannan ƙulle-ƙulle dangin wake ke samun sinadarin naitirojin daga iska, watau abin da manomi ke saye a buhun yuriya. A 1888 Martinus Beijerinck ɗan Holan ya ware halittar da ke ciki, ya nuna bakteriya ce. Frank ya daɗe yana riƙe da ra'ayin cewa sauran tsirrai ma suna iya cin naitirojin na iska da kansu, abin da bai tabbata ba. Duk da haka, sunan da ya raɗa wa wannan bakteriya a 1889, Rhizobium, shi ya zauna. Wani masani ɗan Norwe, Jørgen Brunchorst, ya kuma sa wa wata halitta mai irin wannan aiki a saiwar wasu itatuwa suna Frankia don girmama shi.

Sauran rayuwarsa ya ba da ita ga cututtukan amfanin gona. Tun 1880 ya wallafa babban littafi a kan cututtukan tsirrai, ya kuma yi aiki a kan ruɓewar gwozan Turai da ake yin sukari da shi. A 1899 aka naɗa shi shugaban sabon sashen binciken noma da gandun daji a Ofishin Lafiya na Daular Jamus. Bai daɗe a kujerar ba, ya rasu a Barlin ran 27 ga Satumba, 1900, yana da shekara 61, gardamar maikoriza kuwa ba a kashe ta ba.

Bayan Rasuwarsa

Hujjar ta zo ne sannu a hankali. A shekarun 1920 Elias Melin na Suwidin ya raini funfuna ita kaɗai da tsiro shi kaɗai, ya haɗa su a kwalba, rigar ta fito. A 1950 shi da abokin aikinsa Nilsson suka bi sawun sinadarin fosfaras, wanda manoma suka sani a takin supa, suka ga ya bi sililin funfuna ya shiga tsiro. An kuma tabbatar da ladan da funfunar ke karɓa, watau sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana. A Ingila Barbara Mosse ta nuna a shekarun 1950 cewa iri na biyu, mai shiga cikin saiwa, shi ma yana ƙara wa tsiro girma. Yau masana na ƙiyasin fiye da kashi 80 cikin 100 na ire-iren tsirran doron ƙasa suna wannan zama, an kuma ga alamarsa a wasu duwatsu na Sikotilan da suka haura shekara miliyan 400.

Ko da yake a kan itatuwan Turai Frank ya yi bincikensa, maganarsa ta iso har gida. Doka da kawo na dazuzzukan kudancin ƙasar Hausa suna da irin rigar da ya fara gani. Da ma'aikatan gandun daji suka kawo itacen fain Nijeriya, dashen ya yi ta tsumburewa sai da aka zuba masa ƙasar da aka ɗebo daga gindin tsofaffin itatuwan fain, mai ɗauke da funfunarsa. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa kuwa iri na biyu gare su. Gawo, wanda kowane manomi ya san albarkar gindinsa, yana da abokan zama biyu, funfunar da kuma bakteriyar. Kabeji na cikin 'yan kaɗan da ba ruwansu da ita. Muhimmancin wannan a jigawa irin tamu shi ne ƙasar ba ta da wadatar fosfaras, ɗan abin da ke akwai kuma ba ya tafiya da ruwa zuwa ga saiwa, sai an je an same shi. Sililin funfuna ya fi gashin saiwa sirantaka da nisan zango, shi ke shiga tsakanin ƙwayoyin rairayi ya ɗebo.

Abu na ƙarshe ya shafi wuta-wuta, ko ƙuduji, wadda ke cinye gero da dawa a gonar da ta gaji. Tun 1966 masana a Amurka suka ware, daga saiwar auduga, sinadarin da ke tashin irin wuta-wuta daga barci, amma ba a fahimci abin da zai sa tsiro ya riƙa fitar da abin da zai jawo masa maƙiyi ba. A 2005 Kohki Akiyama da abokan aikinsa a Japan suka gano cewa dangin wannan sinadari kira ne da saiwa ke yi wa funfunar maikoriza, wuta-wuta kuwa satar ji take yi. An kuma gano cewa in fosfaras ya yi ƙaranci tsiro na ƙara yawan kiran, abin da ya yi daidai da sanin manomanmu cewa gonar da ba taki ita wuta-wuta ke mamayewa. A gwajin da aka yi a gonakin arewacin Kamaru, dawa da masarar da aka sa wa funfunar sun fitar da wuta-wuta ƙasa da waɗanda ba a sa wa ba.