Tarihin Qi Baishi, kafintan ƙauye da ya zama gwanin zanen tawada a ƙasar Sin

 Idan aka ambaci ƙasar Sin a nan wajenmu, abin da ke faɗo mana a rai shi ne babur, wayar hannu, ko bututun man da ya ratsa yankinmu zuwa Benin. Yau kuwa labarin wani ɗan talakawan ƙasar muka kawo muku, Qi Baishi, wanda ake faɗin sunansa Ci Baishi.

An haife shi ranar 1 ga Janairun 1864 a wani ƙauye na yankin Shiyangtan, cikin lardin Hunan, inda shinkafa ce abin nomawa. Gidansu ba su da komai sai ƴar gona. Kakansa ne ya fara koya masa rubutu, kuma a cikin tokar murhu yake zana masa baƙaƙen, don takarda ta fi ƙarfinsu. Yana wajen shekara 8 aka sa shi makaranta, amma bai cika shekara guda ba ya bari. Sai kiwon saniya da itace. Da yake yaro ne mai yawan laulayi, kakarsa ta rataya masa ƙararrawa a wuya, don idan yamma ta yi ta ji tahowarsa hankalinta ya kwanta.

Ƙarfinsa bai kai na huɗa ba, shi ya sa aka kai shi koyon kafinta yana wajen shekara 14. Ɗaukar manyan katakai ma ya gagare shi, sai ya koma wurin wani masassaƙi mai suna Zhou Zhimei, wanda ke yi wa gadajen aure da akwatuna ado da furanni da tsuntsaye. Nan hannunsa ya faɗa.

Yana wajen shekara 20 ya je aiki gidan wani mai hali, ya ga wani tsohon littafin koyon zane da ake kira Jieziyuan. Ya roƙa aka ba shi aro. Tun da ba shi da kuɗin sayen irinsa, sai ya riƙa ɗora takarda marar kauri a kan kowane shafi yana bin zanen, da dare bayan ya tashi aiki. Kusan wata shida ya yi yana wannan kwafi kafin ya mai da littafin. A 1889 wani mai ilimi na yankinsu, Hu Qinyuan, ya ga aikinsa, ya ɗauke shi almajiri, ya haɗa shi da mai koya masa waƙa da karatun littattafai. Daga nan ya fara ciyar da iyali da zanen fuskokin mutane, tun hoto bai yawaita ba.

To, wace irin tawada ce wannan? Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane ta. Mu muna haɗa baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro. Su kuma suna tara baƙin hayaƙin itace ko na mai, su kwaɓa da danƙon fata, su busar da shi kamar sanda. In za a yi aiki sai a goga sandar a kan dutse da ɗan ruwa. Maimakon alƙalamin kara, buroshin gashin akuya ko na wata dabba suke riƙewa. Takardarsu kuwa tana shan ruwa nan take. Allo in ka yi kuskure ka wanke, wannan ba ta wankuwa: abin da hannu ya aza ya zauna. Da yawan ruwa ko ƙarancinsa ake samun baƙi wuluk, da toka-toka, da wanda da ƙyar ido ke gani.

Tsakanin 1902 da 1909 ya yi manyan tafiye-tafiye biyar cikin ƙasar, yana ganin duwatsu da koguna da aikin wasu gwanaye. A 1917 rikicin sojoji da ƴan fashi ya kore shi daga gida zuwa Beijin, ya zauna can dindindin a 1919, yana da shekara 55. Ƴan birni suka raina shi, suna ganin kafintan ƙauye ne kawai. Ya karya farashi, duk da haka ba masu saye, sai sassaƙa hatimin dutse ke ba shi na abinci.

A nan ne wani mai zane, Chen Shizeng, ya ba shi shawara ya daina bin sawun magabata, ya yi nasa. Dattijo ya karɓi maganar wanda ya girma, ya shafe kusan shekara goma yana sake hannu. Gemu dai ba ya hana ilimi. Ya fito da salon jan fure mai haske da baƙin ganye. A 1922 Chen ya tafi da zanensa wani baje koli a Tokyo, aka saye su da tsada, sai ga ƴan Beijin suna layi a ƙofarsa. A 1927 makarantar fasaha ta birnin ta kira shi ya koyar, shi da bai cika shekara a aji ba.

Abin da ya fi zanawa shi ne abin da ya taso yana gani: kwaɗi, ƙaguwa, ƴan tsaki, fara, ɓera, kabeji, barkono, har da manjagara. Jatan lande ne ya fi yi masa suna. Yakan ajiye su da rai cikin kwano yana kallon yadda suke iyo, kuma shekara da shekaru yana rage ƙananan ƙafafunsu a zane har suka koma biyar. Ba ya zana ruwan, farar takarda yake bari, amma mai kallo sai ya rantse cikin ruwa suke. Wajen ciniki kuwa bai da kunya: farashi a rubuce yake a bango, gwargwadon faɗin takarda.

Da sojojin Japan suka mamaye Beijin a 1937, ya rufe ƙofarsa, ya bar koyarwa, ya manna sanarwa cewa ba ya sayar wa jami'an gwamnati. Har gawayin ɗumama ɗaki da aka aiko masa ya ƙi karɓa. Haka ya zauna har 1945. A 1953 hukuma ta ba shi laƙabin mai zanen al'umma, aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masu zane ta ƙasa. Ya rasu a Beijin ranar 16 ga Satumban 1957, yana da shekara 93. A Disamban 2017 aka yi gwanjon wasu zanensa 12 na duwatsu da ruwa, aikin 1925, a kan yuwan miliyan 931.5, wato sama da miliyar 70 na kuɗin sefa.

Jama'a, a tafiyar nan tasa mutum uku suka tsaya masa: wanda ya ba da aron littafi, wanda ya ɗauki kafinta almajiri, da wanda ya faɗa masa gaskiya. A garejin kafintoci da teloli na Gaya akwai yaran da suka bar lakwal, suna zane da gawayi a bango ana kora su. Akwai masu zayyanar allon sauka da aikinsu ke raguwa. Ƴan uwa na waje, in za ku aiko da tsaraba, ku sa da takarda da littafi. Iyayen gida kuma, in yaro ya nuna hannu, a kai shi wurin wanda ya fi mu sani. Allah ya sa albarka a sana'ar kowa.